Kyaftin ɗinmu ya rasu: kofin tunawa za mu sa, ko iyalinsa za mu kai wa kuɗin?

Koci_Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan abin da ya raba kan yaran ƙungiyarmu. Ni nake horar da 'yan ƙwallon ƙauyenmu a nan ƙasar Ringim. Makon jiya Allah Ya karɓi ran kyaftin ɗinmu. Muna cikin atisayen yamma a filin bayan firamare ya yanke jiki ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi, kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa. Ya bar mata da 'ya'ya biyu ƙanana, ga mahaifiyarsa tsohuwa da yake ɗauke da ita. An yi jana'iza, an yi zaman makoki, jama'a sun watse.

Yanzu yara sun yi karo-karo, ɗan acaɓa da tela da mai ƙwadago kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Wasu sun ce a sa kofi da sunansa a gayyato ƙauyukan kewaye, a buga riguna da hotonsa, a yi shiru na minti ɗaya kafin a take wasa, lamba 6 da yake sawa kuma a jingine ta har abada. Wasu, har da limaminmu, sun ce duk wannan ba ya isa kabari, a miƙa wa iyalinsa kuɗin kawai. Ni kaina zuciyata ta rabu biyu. Me kuka gani?

Dan_Gumel:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari. Sannunku da haƙuri Koci.

Liverpool_Bichi:
Allah Ya gafarta masa. Ni dai ina tare da masu cewa a jingine lambar. Da Diogo Jota ya rasu a hatsarin mota a Sifaniya ranar 3 ga Yuli 2025, shi da ƙaninsa, Liverpool ta ce lamba 20 ta tafi da shi, babu mai ƙara sa ta, daga manya har ƙungiyar mata da ta yara. Magoya baya suka cika bakin filin Anfield da furanni da riguna. Manchester City ma haka ta yi da lamba 23 ta ɗan wasanta Marc-Vivien Foé, ɗan Kamaru, bayan rasuwarsa. Mutumin da ya ba ku ƙuruciyarsa, har a filinku ya cika, ai ya cancanci a ce akwai wani abu da ya zama nasa shi kaɗai.

Malam_Na_Zaure:
Allah Ya jiƙan musulmi. Koci, kafin kofi da kafin komai, ku bincika ko ana bin sa bashi. Wannan shi ne abin da ya fi damun mamaci, domin ya zo a hadisi cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Manomi ne mai iyali, da wuya a rasa kuɗin taki ko na mai shago a kansa. Ku tambayi matarsa da abokansa a asirce.

Bayan haka, hadisin da ke cikin Sahihu Muslim kowa ya san shi: idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ku auna duk abin da za ku yi da wannan ma'auni. Shirun minti ɗaya ba namu ba ne, malamai da yawa sun hana, kuma ban ga abin da zai ƙara masa ba. Mintin nan ɗaya da za a tsaya baki a rufe, in kowa ya roƙa masa gafara a cikinsa ai ya fi. Hoto a riga kuma ku bari. Rigar da yau ake sawa da hawaye, nan da shekara da ita za a goge babur, fuskar bawan Allah tana kai.

GolanKauye:
Liverpool_Bichi, Liverpool tana da lambobi har ta rasa mai sawa. Mu a ƙauye saitin jesi ɗaya gare mu, shi ma wani ɗan kasuwa ne ya saya mana, duk wanda aka canza sai ya tuɓe ya miƙa wa mai shigowa da gumin a jiki. In aka cire guda ɗaya an rage mana mutum. Abin da na gani shi ne a wanke ta a ajiye wa ɗansa, in an samu hali a sayo wata mai wata lambar a cike gurbi.

Liverpool_Bichi:
To ai jinginewar ke nan ɗan'uwa, suna kawai ka canza mata. Kuma Malam, Allah Ya ƙara ilimi, ina so a sani cewa Turawan ma ba furanni kaɗai suka tsaya a kai ba. Kocin Liverpool na lokacin, Arne Slot, ya faɗa da bakinsa cewa masu ƙungiyar sun biya matar Jota da 'ya'yansa uku kuɗin kwantiraginsa da ya rage. Sun haɗa biyun ne.

Malam_Na_Zaure:
Wannan na biyun shi ne abin koyi. Ƙarin bayani ga GolanKauye: jesin ta ƙungiya ce, kuna da ikon ku ba ɗansa kyauta. Amma takalminsa na ƙwallo da wayarsa da duk abin da ya saya da kuɗinsa gado ne, haƙƙin marayu ne. Kada wani ya ɗauka ya ce zai ajiye don tunawa ba tare da izinin magada ba.

TsohonRafali:
Yara, bari tsoho ya sa baki. Ranar 12 ga Agusta 1989 muna zaune gindin rediyo, Najeriya na buga wasan neman gurbin kofin duniya da Angola a babban filin wasa na Surulere a Legas, Samuel Okwaraji ya faɗi ana cikin wasa, bai ƙara tashi ba. Shekarunsa 25. Ƙasar nan kaf ta girgiza. Daga baya aka kafa mutum-mutuminsa a filin. To yau ku tara samarin da ke cikin wannan zaure ku tambaye su wane ne shi, ku ji amsa.

Wanda ya fi ci mini rai Rashidi Yekini ne. Haifaffen Kaduna, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a kofin duniya, a ragar Bulgeriya a 1994, ya riƙe raga yana kuka duniya na kallo. Ƙwallo 37 ya ci wa ƙasar nan. Ya ƙare rayuwarsa a kaɗaice a Ibadan, ya rasu a watan Mayu 2012, sai ga jawabai ta ko'ina. Ina masu jawaban suke lokacin da yake buƙatar mai leƙa shi? Ku dubi waɗanda ke raye a cikinku. Wanda ya karye a filinku ya koma gida da sanda, wa ya je duba shi? Ni na busa usur a wasannin ƙauye har gwiwa ta hana ni, na ga yadda ake ɗaga yaro sama ranar da ya ci kofi, na kuma ga yadda ake mantawa da shi.

Auta_Lamba9:
Ni ɗan ƙungiyar ne, a gabana ya faɗi. Don Allah iyayenmu ku fahimce mu. Ba wanda ya ce kada a yi sadaka. Amma tun ranar ba wanda ya iya taka filin nan. In na bi ta wajen zan tafi gona sai na kawar da kai daga daidai inda ya kwanta, kusa da turken gola na gabas. Shi ya saya mini takalmin farko da na taɓa sawa, gwanjo ne, ya kai wa baduku ya ɗinke bakin. Mu ƙwallo muka sani, da ita muka san shi, da ita muke so mu yi masa ban kwana. Duk abin da matasa suka kawo sai a ce ba namu ba ne. To ita ƙwallon tamu ce? Ai ita ma kawo ta aka yi.

Malam_Na_Zaure:
Auta, Allah Ya ba ka haƙuri ɗana. Kukanka ba laifi ba ne, Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ban ce kada ku buga wasa ba. Ku buga, ku ambace shi da alheri. Abu biyu na ware, shiru da hoto, kuma a kansu ina nan a kan bakana.

Umman_Khalifa:
Ku yi haƙuri maza, tun ɗazu ake magana ban ji wanda ya ce a tambayi mahaifiyarsa da matarsa ba. Ni ƙanina ɗan ƙwallo ne, ya rasu a hatsarin babur shekarun baya, abokansa suka sa masa kofi tun ba a yi arba'in ba. Niyyarsu mai kyau ce wallahi. Amma gidanmu kusa da fili yake. Duk yamma Inna na zaune kan tabarma da carbi, sai a ci ƙwallo, ihu ya taso, lasifika na kiran sunan ɗanta. Sai ta tashi ta shige ɗaki ta sakaya ƙofa. Ba ta taɓa cewa a daina ba, don kunya da kawaici, amma mu da muke ciki mun san abin da ta sha.

Ranar wasan ƙarshe wani ɗan siyasa ya zo ya karɓe taron, fastocinsa suka fi sunan mamacin yawa, aka kira yayanmu aka miƙa masa ambulan a gaban kyamara. Bayan shekara biyu ko kofin ba a ƙara sawa ba.

Matar kyaftin ɗinku tana takaba, wata huɗu da kwana goma. Ba kasuwa, ba unguwa. Wa zai ɗebo mata ruwa? Wa zai kai niƙa, wa zai sayo itace da sabulu? In yaro ya yi zazzaɓi da dare wa zai ɗauke shi a babur? Samari goma sha ne ku ko ashirin, ku raba kwanaki a tsakaninku, ku bi ta hannun iyayenku mata da matanku. Wanda muke yi wa addu'a har gobe a gidanmu shi ne wani abokin ƙanina da bai taɓa yin jawabi ba, amma duk sallah sai ya kawo wa marayun ɗinki.

Dan_Gumel:
Hajiya kin gama magana. Allah Ya saka.

MaiGidanKallo:
Maganar Baba TsohonRafali ta tuna mini wani abu. Ranar da Jota ya rasu, a ranar Peter Rufai ya rasu a Legas yana da shekara 61. Golan da ya tsare mana raga muka ci kofin Afirka a 1994, ya je kofin duniya sau biyu, 1994 da 1998. A gidan kallona duk yaron da ka duba wayarsa hoton Jota ne a status. Rufai kuwa sai mu masu furfura muka yi ta jimami a bakin ƙofa. Ban zarge su ba, ba su ga wasansa ba, Jota kuwa duk mako yana gabansu a allo. Wanda ido ya saba da shi zuciya take yi wa kuka. Shi ya sa nake ganin kofin yana da amfaninsa: ƙannen da ke tasowa za su tambaya wane ne wannan, a ba su labari, su ce Allah Ya jiƙansa. Ita ma addu'a ce ta samu.

SaiMasuGida90:
Mu magoya bayan Pillars mun ɗanɗana wannan a Fabrairu 2018. Chinedu Udoji ya buga mana wasa da Enyimba, tsohuwar ƙungiyarsa da ya yi wa kyaftin, a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, aka zaɓe shi gwarzon wasan, a daren ya rasu a hatsarin mota a cikin Kano. Na ga ƙarti suna kuka. Ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, amma rigarmu ya sa. Malam, a irin wannan me ya halatta mu yi?

Malam_Na_Zaure:
Ka yi wa iyalinsa jaje, ka taimaka musu, ka faɗi alherin da ka sani game da shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawar Bayahude, Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne sai ya ce ashe ba rai ba ne? Roƙon gafara ne aka keɓe wa musulmi. Tausayi kuwa ba a yi masa iyaka ba.

Manomi_Kura:
Ba sai mun je Ingila neman misali ba. Ranar Asabar 31 ga Mayu 2025 motar da ta ɗauko tawagar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a jihar Ogun ta faɗa gada a wajen Dakatsalle, kan titin Zariya zuwa Kano. Sama da mutum 20 suka rasu, 'yan wasa da masu horarwa da jami'ai, sun kwana suna tafiya, saura ƙiris su iso gida. Mutanen ƙauyukan wajen ne suka fara kai ɗauki. Gwamnatin jiha ta ba da hutu ranar Litinin don a yi musu addu'a. Abin da nake tambaya kullum in na bi ta kan gadar nan shi ne, yanzu wa yake leƙa gidajensu?

Koci, tambaya ɗaya. Ya yi noma bana? In geronsa na tsaye a gona, to ga aikin da ya fi kofi gaggawa. Ku yi masa gayya. Ku fito da magirbi ku girbe, ku yanke kai, ku ɗaure dammuna, ku kai rumbu. Auta yana neman abin da zai yi da jikinsa don baƙin cikin ya ragu, to ga shi. Baɗi ma ku nome gonar, haka har yaran su tasa.

Nas_Hadejia:
Allah Ya jiƙansa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun da na karanta cewa ya faɗi ba wanda ya taɓa shi hankalina ya tsaya a nan. Ban duba shi ba, ba zan ce ga abin da ya same shi ba. Amma irin wannan faɗuwa sau da yawa zuciya ce take tsayawa farat ɗaya. Haka Okwaraji da Baba ya ambata, haka Foé a Lyon a 2003 ana wasan Kamaru da Kolombiya, haka Cheick Tioté a wajen atisaye a Beijing a 2017. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a gasar Turai a 2021, aka danna masa ƙirji nan take aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya tashi, har ya koma buga ƙwallo.

A filayenmu in mutum ya faɗi sai a yanyame shi, wani na fifita da riga, wani na kwara ruwa, wani na neman cusa cokali a baki. Duk ba sa taimako. In ka kira shi bai amsa ba, kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, in wani ya gaji wani ya karɓa, wani kuma ya nemo mota. Mintunan farko su ne komai. Ku ware wani abu daga kuɗin a koya wa 'yan ƙungiyar wannan, kowa kuma a auna masa jini. Duk mai jin ciwon ƙirji ko jiri ko yawan haki in yana gudu, ko wanda aka taɓa mutuwar fuju'a a gidansu, ya ga likita kafin ya koma fili. A daina shan ƙwayoyin ƙarin kuzari kafin wasa.

Dan_Gumel:
Anti Nas, in kwana ya ƙare ko a gaban likita ne sai an tafi. Kada yaran su ɗauka da sakacinsu a ciki.

Nas_Hadejia:
Haka ne yayana, ajali ba ya jira, kuma ban ɗora wa kowa laifi ba, abin da ba a koya wa mutum ba ba za a tuhume shi a kai ba. Saboda na gaba nake magana. Neman magani ma ai umarni ne. Ilimi mai amfani da Malam ya ambata, in da kuɗin da aka tara dominsa aka koyar, ina fata ladan zai kai gare shi.

Dan_Dambe_Kazaure:
Masu cewa tunawa da ɗan wasa al'adar Turawa ce su zo dandalin dambe bayan kaka. Makaɗi na cikin kiɗa sai ya sako sunayen mazajen da suka kwanta dama, ya yi musu kirari, ya ce Allah Ya jiƙan wane, fili gaba ɗaya ya amsa da amin. Mu ba shiru muke yi ba, ambato muke yi. Kuma akwai hanyar da ba ta cin ko kwabo: ku roƙi mai gari da hukumar makaranta a riƙa kiran filin da sunansa. A Asaba filin wasa sunan marigayi Stephen Keshi, tsohon kyaftin kuma kocin Najeriya, yake ɗauke da shi, Napoli ta sa wa nata sunan Maradona bayan rasuwarsa a 2020. Sannan duk wanda matarsa ta haifi namiji a cikinku ya yi masa takwara.

GolanKauye:
Wannan ta takwara ta shige ni. Amma ni har yanzu ban ga laifin shirun ba in dai a zuci addu'a mutum yake yi. Filin da ke cike da 'yan kallo, in rafali bai tsayar da kowa ba ta yaya za a nutsu a yi addu'ar?

TsohonRafali:
Sauƙi gare shi. A tsakiyar fili 'yan wasa su jeru, liman ko wani babba ya karɓi lasifika ya yi addu'a a bayyane, a shafa, a busa usur. Mun sha yin haka. In kuma za ku sa kofin, kada ku karɓi kuɗin mai neman kujera, kuma ku zaɓi alƙalan wasa daga wani gari. Abin kunya ne a ce an fasa wa wani kai a gasar da aka sa da sunan mamaci, kuma na ga an yi.

Koci_Ringim:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah Ya bar zumunci. Jiya bayan la'asar na je gidan tare da kawunsa. Malam, akwai bashin taki buhu biyu, mun biya daga cikin kuɗin, mai shagon ma ya yafe wani abu. Gero na nan a gona ya nuna, mun sa gayya ranar Asabar. Da na kawo wa tsohuwa maganar kofi ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce a bar ta tukuna. Matarsa kuma ta aiko cewa tana son rigar. Hoto dai an haƙura da shi. Shiru da jingine lamba har yanzu ba a daidaita ba, za mu zauna ranar Juma'a bayan an sauko. Anti Nas, in mun samo mota za ki iya zuwa ki koya mana, ko ki haɗa mu da wani a nan kusa?

Nas_Hadejia:
Zan duba ranar da ba ni da aiki in sanar da kai ta akwatin saƙo. Ku gayyato kocin ƙauyukan da kuke wasa da su, da malaman firamaren.

Liverpool_Bichi:
"A bar ni tukuna" ba "a'a" ba ce. A jira a fita takaba a sake tambayarta.

Umman_Khalifa:
Ƙanena, a bakin uwa wani lokaci ita ce a'a ɗin. In za a sake tambaya a tura mace tsararta, ba ku ba.

Auta_Lamba9:
Asabar da asuba ina gona insha Allah, zan zo da amalanken babanmu. Amma Koci, ranar Juma'a zan sake tayar da maganar lamba 6. Ni dai ba zan iya ba wani fas yana sanye da ita ba.